Hawaye a Matsayin Tabarau: Yadda Ake Auna wa Masu Astigmatizim Tabarau Ɗan Manne Mai Tauri



Gabatarwa

Da wuya a sami ajin da babu ɗalibi ko ɗaya wanda yake zama a layin gaba, amma duk da haka sai ya ƙanƙance ido, ya karkata kai, kafin ya iya karanta abin da malam ya rubuta a allo. In aka tambaye shi sai ya ce ai yana da tabarau, har ma ya sake shi sau biyu ko uku, amma haruffa ba su daina yi masa inuwa ba, fitilun motoci kuwa da dare sai su riƙa yi masa wutsiya. Irin wannan ɗalibi yakan sha suna iri-iri, wani ya ce rago ne, wani ya ce ba ya mai da hankali, alhali kuwa matsalarsa tana cikin siffar idonsa. Daga cikin irinsu akwai waɗanda tabarau mai ƙafa, irin wanda muka saba da shi, yake wadatarwa sarai. Akwai kuma waɗanda ba zai taɓa wadatar da su ba komai ƙwarewar wanda ya auna shi, kuma saboda su ne na zaɓi wannan batu.

Zan yi magana ne a kan ɗan ƙaramin tabaran nan maras ƙafa da ake ɗorawa a kan ido kai tsaye, wanda zan riƙa kira ɗan manne, musamman nau'insa mai tauri wanda iska ke ratsawa. Sunan yana da ɗan ruɗarwa, domin a haƙiƙa ba ya manne wa ido, yawo yake yi a kan hawaye kamar kwalekwale a kan ruwa. Abin da nake so masu sauraro su tafi da shi gida shi ne, a wannan aiki hawaye ne ke gyara astigmatizim, shi ɗan manne mazubi ne kawai da ke ba hawayen siffa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin kowane mataki da mai aunawa yake bi.

Mene ne Astigmatizim?

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garau, mai kama da gilashin agogon hannu, wanda ake kira koniya. Faɗinta ya kai kamar milimita 11 zuwa 12, kaurinta a tsakiya kuwa bai wuce rabin milimita da kaɗan ba. Ƙarfin da ido ke da shi na karya haske ya tara shi a bayan ido, ana auna shi da wani ma'auni mai suna diyofta. Idon mutum yana da kimanin diyofta 60 gaba ɗaya, daga ciki koniya ita kaɗai ke da kimanin 43, sauran kuwa na wani madubi ne da ke can ciki, bayan ƙwayar ido, wanda shi ne ke yin fari in mutum ya sami yanar ido. Watau kashi biyu cikin uku na aikin gani a fuskar koniya ake yin sa, don haka ɗan kuskure a siffarta yakan zama babban kuskure a gani.

In koniya ta lanƙwasa daidai wa daida ta kowace fuska, kamar bayan ƙwallo, hasken da ya fito daga ɗigo guda zai taru a ɗigo guda. In kuwa ta yi kama da gefen ƙwai, ko bayan cokali, inda lanƙwasar tsaye ta fi ta kwance tsanani, to hasken zai taru a wurare biyu dabam, ɗigo ya koma ɗan layi. Wannan shi ne astigmatizim, kalmar kuwa daga Girkanci aka ƙera ta, ma'anarta rashin ɗigo. Mai wannan hali ba ya ganin na nesa tangaran, ba ya kuma ganin na kusa tangaran, sau da yawa yana fama da ciwon kai da gajiyar ido in ya daɗe yana karatu.

Wajibi ne mu rarrabe abubuwa biyu tun yanzu. Na farko, akwai astigmatizim mai tsari, wanda layin da ya fi lanƙwasa da wanda ya fi shimfiɗewa suka gitta juna kamar alamar tarawa. Wannan tabarau mai ƙafa yana iya gyara shi. Akwai kuma maras tsari, inda fuskar koniya ta yi gargada saboda tabo ko cuta, wanda babu gilashin da za a wasa ya yi daidai da shi. Na biyu, astigmatizim yana iya kasancewa a koniya, yana kuma iya kasancewa a madubin ciki, ko kuwa a duka biyun. A kan wannan rarrabewa ta biyu ne nasarar ɗan manne mai tauri ko faɗuwarsa ta rataya.

Taƙaitaccen Tarihi

Mutumin da ya fara bayyana wannan hali shi ne Thomas Young, wani masani ɗan ƙasar Ingila, a cikin laccar da ya gabatar a London a 1800, aka buga ta a 1801, kuma a idonsa ya gano shi. Ya ɗauki wani ɗan mazubi mai gilashi a ƙarshensa, ya cika shi da ruwa, ya kifa a kan idonsa, domin ruwan ya kashe aikin koniya. Da ma nufinsa shi ne ya gano ko koniya ce ke sauya siffa in mutum zai duba abu na kusa, amma sai ya lura cewa astigmatizim ɗinsa yana nan bai gushe ba ko da koniyar tana cikin ruwa, ya gane ke nan nasa daga ciki yake. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan gwaji, domin za mu komo kansa.

A 1825 George Airy, masanin taurari na Jami'ar Cambridge, ya bayyana yadda ya gyara astigmatizim ɗin idonsa na hagu da gilashin da aka wasa masa mai ƙarfi ta fuska guda. Ba da daɗewa ba John Herschel ya kawo shawarar cewa mai gargadar koniya za a iya taimakonsa da ɗan ƙoƙon gilashi da aka cika da wani abu garau mai kauri, a kifa masa a ido. Sai a 1888 shawarar ta zama aiki, lokacin da Adolf Fick a birnin Zurich na Suwizalan, da Eugène Kalt a birnin Paris na Faransa, kowa a nasa ɓangare, suka ɗora wa marasa lafiya ƙoƙon gilashi a ido. Gani ya gyaru, amma gilashin yana da nauyi, ba a kuma iya jure shi sai na 'yan sa'o'i.

A 1948 Kevin Tuohy a Amurka ya fito da ɗan manne ƙarami na roba mai tauri, wadda ake kira PMMA, wanda bai rufe komai ba sai koniya. Wannan roba garau take, tana da ƙarko, amma tana da babban aibu guda: iska ba ta ratsa ta ko kaɗan. Koniya kuwa ba ta da jijiyoyin jini, daga iskar duniya take samun oksijin ta hanyar hawaye, saboda haka masu sa irin wannan ɗan manne da yawa koniyarsu takan kumbura, gani ya yi hazo. Wani masanin kimiyyar haɗe-haɗe, Norman Gaylord, shi ne ya haɗa wannan roba da silikon, ya sami haƙƙin mallakar ƙirƙirar a 1974, a 1979 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ɗan manne mai suna Polycon da aka yi da haɗin. A shekarun 1980 aka ƙara sinadarin fulorin a haɗin, iska ta ƙara samun hanya. Wannan zuriya ce muke magana a kanta yau.

Sirrin Hawaye

Duk wanda ya taɓa nutso a kogi ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwa ya san komai yakan zama dishi-dishi. Dalili shi ne haske ba ya karyewa sosai sai in ya fita daga abu guda ya shiga wani da ya sha bamban da shi. Masana suna da lambar da suke ba kowane abu garau gwargwadon yadda yake karya haske: iska 1.000, hawaye 1.336, koniya 1.376. Tsakanin iska da koniya akwai tazarar 0.376, shi ya sa koniya take da ƙarfi. Tsakanin hawaye da koniya kuwa tazarar 0.040 ce kawai, watau kamar kashi ɗaya cikin goma na waccan.

To, a ɗora ɗan manne mai tauri, wanda bayansa yake da lanƙwasa iri ɗaya ta kowace fuska, a kan koniya mai siffar ƙwai. Tun da yana da tauri ba zai bi siffar koniyar ba, zai riƙe tasa. Hawaye sai su cika ratar da ke tsakani, su yi kauri inda koniya ta kauce, su yi siriri inda ta matso, kamar dai yadda ruwan sama ke kwanciya a tsakar gida mai kwari da tudu, samansa ya yi sumul. Fuskar da haske ke fara karo da ita yanzu mai santsi ce, gargadar koniya kuwa ta nutse cikin ruwan da ya kusan zama irinta. Ta haka kusan kashi tara cikin goma na astigmatizim ɗin fuskar koniya ke ɓacewa, ba tare da an wasa wa ɗan mannen wani ƙarfi na musamman ba. Ɗan manne mai laushi, wanda ya yaɗu bayan 1971, ba ya iya wannan aiki, domin kwanciya yake yi a kan koniya kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, ya kwaikwayi siffarta da aibunta duka.

Yanzu mu koma ga Thomas Young. Da a ce ya zo asibiti yau aka sa masa irin wannan ɗan manne, da bai amfane shi da komai ba ta fuskar astigmatizim, domin hawaye koniya suke gyarawa, ba su da iko da abin da ke can ciki.

Matakan Aunawa

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta isa, domin bambancin milimita 0.05 a lanƙwasa, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, daidai yake da rubu'in diyofta a gani.

Mataki na farko shi ne bincikar lafiyar ido da tarihin mai shi: ko yana da ƙaiƙayi, ko bushewar ido, ko ciwon fatar ido, wace sana'a yake yi, a wane irin wuri yake yini. Sannan a auna ƙarfin tabaran da yake bukata. Sai kuma a auna lanƙwasar koniya da na'urar da ake kira keratomita, wadda Javal da Schiøtz suka daidaita ta don aikin asibiti a 1881. Wannan na'ura tsakiyar koniya kawai take aunawa, kamar milimita 3. Na'urorin zamani masu kwamfuta suna zana taswirar koniya baki ɗaya da launuka, asalinsu kuwa wani faifai ne mai zobba baƙi da fari da likitan ƙasar Fotugal, António Plácido, ya ƙirƙiro a 1880.

Mataki na biyu lissafi ne, a kwatanta astigmatizim ɗin da aka samu a tabarau da wanda aka samu a koniya. A ɗauka ga wata ɗaliba, tabaranta yana bukatar diyofta 2.00 na ragi saboda rashin hangen nesa, da 1.50 na astigmatizim. Da aka auna koniyarta aka sami 43.00 a kwance, 44.50 a tsaye. Bambancin 1.50 ne, ya yi daidai da na tabarau, ke nan duk matsalar a koniya take, ɗan manne na yau da kullum zai share ta. Ga kuma wani mai astigmatizim 1.50 a tabarau, amma koniyarsa 43.00 ce ta kowace fuska. Wannan ɗan'uwan Young ne, sai a nema masa wata hanya. Na ukunsu shi ne mai ban mamaki: ba shi da astigmatizim a tabarau ko kaɗan, amma koniyarsa tana da 1.00, wanda na ciki yake kashewa. In aka sa masa ɗan manne mai tauri aka share na koniya, na cikin zai fito fili, a jawo masa matsalar da da ba shi da ita.

Mataki na uku shi ne zaɓen ɗan manne na gwaji. Faɗinsa yawanci milimita 9 zuwa 10 ne, watau bai kai faɗin koniya ba. Ana fara zaɓen lanƙwasar bayansa kusa da layin koniya da ya fi shimfiɗewa. Ga ɗalibarmu, 43.00 daidai yake da da'irar da rabin faɗinta milimita 7.85 ne, in aka sa mata mai wannan awo ƙarfinsa zai zama 2.00 na ragi. In kuwa aka ga ya fi zama daram da aka ƙara masa lanƙwasa zuwa 7.80, to hawayen da ke ƙarƙashinsa sun yi tudu a tsakiya, sun zama tabarau mai rubu'in diyofta na ƙari, dole a biya wannan, a mai da ƙarfin ɗan mannen 2.25. Ga shaida ke nan cewa hawaye tabarau ne na gaske, har da lambarsa a lissafi.

Mataki na huɗu shi ne duban zamansa a ido. Ana jira kamar minti ashirin zuwa talatin, ƙwallar da baƙon abu ya jawo ta lafa, sannan a ɗiga wani rini mai suna fuloresin, a haska shuɗin haske, dabarar da Theodore Obrig ya shigo da ita wannan fanni a 1938. Inda hawaye suka yi kauri sai ya yi kore shar, inda ɗan manne ya kusanci koniya sai ya yi duhu. Kyakkyawan zama shi ne a ga kore siriri ya bazu daidai a tsakiya, da zobe mai haske a baki inda hawaye ke shiga suna fita. In kore ya taru a tsakiya, ko aka ga kumfar iska, ɗan mannen kuma ba ya motsi, to ya matse. In tsakiya ta yi duhu, bakin ya ɗaga, yana zamewa ƙasa, to ya yi sako-sako. A koniya mai astigmatizim irin na ɗalibarmu akan ga duhu ya miƙe a kwance, mai faɗi a gefe biyu, siriri a tsakiya, kamar kalangu a kwance, kore kuwa a sama da ƙasa. Ana so kuma ya motsa kamar milimita ɗaya zuwa biyu a kowace ƙiftawa, domin wannan motsi ne ke sabunta hawayen, ya kawo oksijin, ya fitar da datti. A ƙarshe sai a sake auna gani a kan ɗan mannen, a tabbatar da lissafi.

In Astigmatizim Ya Yi Yawa

Ɗan manne mai baya irin na ƙwallo yakan zauna lafiya har astigmatizim ɗin koniya ya kai kamar diyofta 2.00 ko 2.50. In ya zarce haka sai ya riƙa lilo, kamar faifan da aka ɗora a bayan jaki: ya danne layi guda, ya ɗaga a ɗayan, ya karkace daga tsakiya, wani lokaci ya lanƙwashe, wani lokaci ya faɗo. Maganin wannan shi ne a yi masa baya mai lanƙwasa biyu, ya hau koniya kamar yadda sirdi ke hawan bayan doki.

Alal misali, ga koniya mai 42.00 a kwance da 46.00 a tsaye. Ba a kwaikwayon ta ɗari bisa ɗari, domin in aka yi haka ɗan mannen zai kafe, hawaye su rasa hanya. Bisa jagorar da Mandell da Moore suka tsara a Amurka, sai a sassauta layin kwance da rubu'in diyofta, na tsaye kuwa da rubu'i uku, a sami 41.75 da 45.25, watau milimita 8.08 da 7.46. Sai dai gyaran zama yakan haifi sabuwar matsala a gani. Robar ɗan manne ta fi hawaye karya haske, saboda haka bayan nan mai lanƙwasa biyu yakan wuce gona da iri, ya ƙirƙiro astigmatizim nasa na kansa, kimanin sulusi zuwa kusan rabin bambancin da aka sa masa, gwargwadon irin robar. Don a kashe wannan sai a yi wa fuskarsa ta gaba ita ma lanƙwasa biyu. Shi kuwa mai astigmatizim na ciki, akan wasa masa gyaran a fuskar gaba kawai, a ƙara wa ƙasan ɗan mannen kauri don kada ya juya, ko kuwa a ba shi mai laushi da aka yi don wannan bukata, wanda sau da yawa ya fi sauƙi.

Koniya Mai Gargada

Inda ɗan manne mai tauri ba shi da na biyu shi ne astigmatizim maras tsari. A ƙasarmu ba mu rasa masu tabo ko hakiya a koniya sakamakon ƙyanda, ko gyambon ido, ko rauni a gona da wurin sana'a. In tabon bai toshe haske gaba ɗaya ba, sau da yawa gargadar da ya bari ita ce ta fi ɓata gani, hawaye kuwa suna iya cike ta.

Akwai kuma cutar keratokonas, inda koniya ke yin siriri ta yi tsini kamar kan dutsen guga da aka juya. Takan fara ne a shekarun balaga, ta ci gaba har wajen shekara talatin da wani abu, watau daidai shekarun karatu. Alamarta ita ce sake tabarau a kai a kai ba tare da gamsuwa ba. Tana da alaƙa mai ƙarfi da yawan murza ido, mu kuwa muna da yara da yawa masu ƙaiƙayin idon nan da ke mai da farin ido ruwan ƙasa, suna yini suna murza. A nan ana so ɗan manne ya ɗan taɓa tsinin kaɗan ko ya tsallake shi. Wani bincike da aka fara a Amurka a 1995, aka bi mutum 1,209 har shekara takwas, ya sami alaƙa tsakanin ɗan mannen da ke danne tsini da samuwar tabo. In ƙarami ya ƙi zama, akwai babba mai faɗin milimita 15 zuwa sama, wanda ke zama a kan farin ido ya tsallake koniya baki ɗaya, a cika shi da ruwan gishiri na asibiti. Wannan ƙoƙon Fick ne ya komo cikin sabuwar riga, tun da Donald Ezekiel na Ostareliya ya bayyana yin sa da roba mai barin iska a 1983.

Ya kamata a sani cewa ɗan manne gani yake gyarawa, ba ya tsai da cutar. Abin da ke tsai da ita wani aiki ne na ƙarfafa koniya da bitamin B2 da wani haske na musamman, wanda likitocin birnin Dresden na Jamus suka bayyana sakamakonsa a 2003. Don haka matashin da aka gano yana da ita wajibi ne a riƙa bin taswirar koniyarsa, kada kyawun gani ya rufe ci gaban cuta.

Sabo, Tsabta da Yanayinmu

Ba zan ɓoye wa masu sauraro ba, kwanakin farko ba su da daɗi. Mutum yakan ji kamar tsakuwa a ido, ya yi ta ƙwalla, kuma yawancin wannan daga bakin fatar ido yake zuwa, lokacin da take tsallake bakin ɗan mannen. Ana farawa da sa'a biyu zuwa huɗu a rana, a riƙa ƙara sa'a ɗaya ko biyu kullum, cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancin mutane sukan saba. Mafi yawan waɗanda suka watsar a wannan zango suke watsarwa, galibi don ba a gaya musu gaskiya tun farko ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ladan haƙurin kuwa shi ne gani tangaran, da ƙarko na shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, da kuma aminci. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 1999, ya nuna cewa a cikin kowane mutum 10,000, masu kamuwa da gyambon koniya na ƙwayoyin cuta a shekara kimanin 1 ne ga masu sa mai tauri da rana, 3 zuwa 4 ga masu sa mai laushi da rana, kimanin 20 kuwa ga masu kwana da mai laushi. Amma amincin yana da sharuɗɗa. A wanke hannu da sabulu a bushe shi kafin a taɓa. Kada a wanke ɗan manne da ruwan famfo, ko na rijiya, ko na leda, kada kuma a jiƙa shi da yawu, domin a cikin ruwa akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba wadda in ta shiga koniya maganinta yana da wuyar gaske. Kada a yi wanka ko iyo da shi, kada a kwana da shi sai wanda aka yi don haka, a kuma riƙa sake mazubinsa kamar kowane wata uku. Masu sa kwalli su guji zizara shi a cikin bakin fatar ido. In ido ya yi ja, ko zafi, ko gani ya ragu, ko haske ya dame shi, a cire nan take a je asibiti a ranar.

Babban abokin gabarsa a wajenmu shi ne ƙurar hunturu. Tun da yana motsi, bakinsa kuma a ɗan ɗage yake, ƙwayar rairayi guda tana iya shiga ƙarƙashinsa, zafinta kuwa ba ya misaltuwa, balle ga wanda yake kan babur. Saboda haka ya kamata mai shi ya riƙa sa tabaran rana mai rufe gefe in zai fita, ya riƙe ruwan ɗigawa a aljihu, ya kuma ajiye tabarau mai ƙafa don ranar da iska ta taso. Bushewar iska da rashin cika ƙiftawa sukan sa koniya ta bushe a gefe biyu na ɗan mannen, daidai inda ƙarfe uku da ƙarfe tara suke a fuskar agogo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake bukatar mutum ya komo bayan mako guda, da wata guda, da wata uku, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma zo da ɗan mannen a ido bayan ya yi 'yan sa'o'i da shi.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, daga abin da ya gabata za a ga cewa wannan abu ba haja ba ce da za a saya a kanti kamar hula, ɗinki ne da ake yi wa kowane ido nasa, kuma Dokar Soja mai lamba 34 ta 1989, wadda ta kafa hukumar rajistar masu auna ido a Nijeriya, an yi ta ne don kada irin wannan aiki ya faɗa hannun wanda bai koya ba. Roƙona ga jami'a guda uku ne. A riƙa auna ganin sababbin ɗalibai, duk wanda tabarau bai kai shi ga cikakken gani ba a duba siffar koniyarsa kafin a sallame shi. A tanadar wa asibitin koyarwa na'urar taswirar koniya da akwatunan 'yan manne na gwaji, domin ba a koyon karatun fuloresin a littafi, sai an duba idanu masu yawa a gaban malami. A kuma faɗakar da iyaye da malaman firamare cewa yaron da ke yini yana murza ido magani yake bukata tun kafin koniyarsa ta sauya siffa. Ɗalibin nan na layin gaba da na fara da shi, mai yiwuwa yana zaune a cikin wannan zaure, ina kuwa fatan gobe da safe zai nufi asibitin ido ya nemi a auna masa koniya.